Abul Wafa Albuzjani, Malamin Lissafi da Ya Zauna da Masu Sana'a

An haifi Abul Wafa Muhammadu ɗan Muhammadu a shekarar 940 a garin Buzjan da ke yankin Khurasan, a cikin ƙasar Iran ta yanzu. Daga sunan garin ne aka samo laƙabinsa na Albuzjani. A gida ya fara karatun lissafi, a wajen baffansa da kawunsa. A shekarar 959, yana da shekara goma sha tara, ya yi ƙaura zuwa Iraƙi, ya zauna a birnin Bagadaza har ƙarshen rayuwarsa.

A lokacin, halifan Abbasiyya yana nan a kan gadonsa, amma iko yana hannun sarakunan gidan Buwaihi. Waɗannan sarakuna suna girmama masana, kuma Abul Wafa ya sami wurin zama a fadarsu. Ya yi suna a ilimin taurari. Yana cikin malaman da suka halarci aikin ɗakin duban taurari da Sarki Sharafud Daula ya gina a lambun fadarsa a shekarar 988. Ya kuma tsara jadawali mai nuna dangantakar da ke tsakanin girman kusurwa da tsawon gefen alwatika, wanda ya fi na magabatansa daidaito.

Sai dai abin da ya bambanta shi da yawancin tsararrakinsa shi ne bai tsaya ga rubuta wa malamai kaɗai ba. Ya wallafa littafi domin magatakarda da 'yan kasuwa, a kan awon gonaki da haraji da canjin kuɗi. Ya wallafa wani domin magina da kafintoci da masu ƙawata bango da zane. A cikin wannan na biyun ya ba da labarin tarurrukan da ya halarta, inda masana lissafi da masu sana'a suka zauna wuri guda.

A wani zama irin wannan aka kawo wata matsala: yaya za a yanka murabba'i uku masu girma ɗaya, a haɗa guntayen su zama babban murabba'i guda? Masanin lissafi ya ba da amsa ta hanyar zana layi, amma masu sana'a ba su gamsu ba, domin su da katako da tubali suke aiki, kuma abin da suke bukata shi ne inda za su yanka. Sai suka nuna tasu dabarar. Ga ido ba ta da aibi, amma lissafi ya tona ta. Idan gefen kowane ƙaramin murabba'i 10 ne, girman ukun a haɗe 300 ne, don haka gefen babban ya kamata ya kai kimanin 17.32. Nasu ya tsaya a kimanin 17.07. Giɓin ƙarami ne, amma idan aka maimaita zanen sau ɗari a jikin bango, layuka za su daina haɗuwa. Abul Wafa ya kawo hanyar da ta gamsar da kowa. Ya raba murabba'i biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, ya sami alwatika huɗu, ya jera su kewaye da na ukun, sannan ya yanke 'yan guntayen da suka yi waje ya cike guraben da suka rage. Ya kuma kafa hujjar cewa babu abin da ya ragu ko ya ƙaru.

Wannan adadi na 17.32 yana sake fitowa a wani wuri da ya shafi littafin, wato a alwatika mai gefe uku daidai. A ce an zana irin wannan alwatika a cikin da'ira, kusurwoyinta uku suna taɓa bakin da'irar, kuma daga cibiya zuwa baki akwai santimita 10. Mene ne tsawon gefenta? Sai a ja layi daga cibiya zuwa kusurwa ɗaya, a ja wani daga cibiya zuwa tsakiyar gefen da ke kusa. Ƙaramar alwatikar da ta fito tana da kusurwoyi masu digiri 30 da 60 da 90. A irin wannan alwatika, gajeren gefe rabin mafi tsawo ne kullum. Mafi tsawo a nan 10 ne, saboda haka gajeren 5 ne. Bisa ƙa'idar Fisagoras, a ninka 10 da kanta a sami 100, a ninka 5 da kanta a sami 25, a ɗebe, saura 75. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da 75 ita ce kimanin 8.66. Wannan rabin gefen babbar alwatika ne, cikakken gefen kuwa santimita 17.32.

Rabin gefen nan ne ya amfani masu sana'a. Sukan so su raba da'ira gida bakwai domin zana tauraro ko fure, abin da ke da wuyar gaske. Abul Wafa ya koya musu wata tsohuwar dabara da aka sani tun zamanin Girkawa: a buɗe kamfas daidai rabin gefen alwatikar, a taka shi sau bakwai a bakin da'ira, zai dawo kusan inda ya fara. Ainihin tsawon da ake nema kimanin santimita 8.68 ne, dabarar kuma tana ba da 8.66, bambancin da bai kai kaurin bakin fensir ba. Duk da haka ya bayyana cewa wannan kusantarwa ce, ba daidai ba ce. A ganina a nan ne halinsa ya fi fitowa. Mutumin da ya ƙi amincewa da kuskuren murabba'i uku shi ne ya yarda da wannan, domin a can an ɗauki kuskure a matsayin gaskiya, a nan kuwa an kira abu da sunansa. Sai a shekarar 1837 wani Bafaranshe mai suna Wantzel ya kammala hujjar da ke nuna cewa ba za a iya raba da'ira gida bakwai daidai da rula da kamfas kaɗai ba.

A shekarar 997, Abul Wafa yana dattijo, ya shirya wani aiki da Albiruni, wanda a lokacin saurayi ne a garin Kath na ƙasar Khuwarizmu. Suka amince kowannensu ya lura da husufin wata ɗaya daga garinsa, ya rubuta lokacin da ya gani. Da aka gwada, sai aka sami bambancin kusan awa guda, kuma daga nan aka ƙiyasta tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu daga yamma zuwa gabas. Bai daɗe ba bayan wannan ya rasu a Bagadaza. A yau akwai wani rami a doron wata da masana taurari suka sa wa sunansa.