Sarki Joji na Shida, Mai In'ina

Mu da muke koyon aikin malanta, in mun gama za a rarraba mu makarantu, wani birnin Sakkwato, wani Wurno ko Raba, wani ƙauye kamar Tursa. Da wuya malami ya daɗe cikin aikin nan bai gamu da yaro mai in'ina ba, gama masana sun ce cikin yara 100 wajen 5 sukan yi ta da ƙuruciya. Yawancinsu takan bar su, amma wajen mutum 1 cikin 100 yakan girma da ita. Saboda haka muka ga ya kyautu mu kawo labarin wani sarki da ya sha wuyarta.

An haife shi ran 14 ga Disamba 1895, aka raɗa masa suna Albert, shi ne ɗa na biyu ga Sarkin Ingila Joji na Biyar. Kafin ya cika shekara 8 in'ina ta bayyana gare shi. Bahago ne, aka tilasta shi rubutu da dama. Ubansa kuwa mai zafi ne, kadan yaron ya maƙale a kan kalma sai ya daka masa tsawa, harshen ya ƙara ɗaurewa.

Cikin 1909 aka sa shi makarantar sojan ruwa ta Osborne. In aka yi tambaya a aji yakan yi shiru don gudun dariya, har aka zaci daƙiƙi ne. A jarrabawar ƙarshe shi ya zo na baya duka. Duk da haka ya yi aikin soja, har ya halarci yaƙin ruwa na Jutland da Jamus cikin 1916.

Babbar wahalarsa ta zo ran 31 ga Oktoba 1925. A Wembley an yi nunin kayan ƙasashen da Ingila ke mulki, inda aka gina wa Nijeriya ganuwa irin ta Kano. Shi aka sa ya yi jawabin rufewa, gaban dubban mutane da wayar iska. Magana ta sarƙe masa, ya yi ta tsayawa, masu sauraro duk tausayinsa ya kama su.

Cikin Oktoba 1926 ya tafi wurin Lionel Logue, mutumin Ostareliya. Shi ba likita ba ne, malamin magana ne wanda ya taimaki sojojin da harshensu ya ɗaure bayan Yaƙin Duniya na Farko. Ya koya masa jan numfashi daga ciki da sakin jiki, ya sa shi bita kullum, matarsa Elizabeth tana taya shi. Abin da ya fi duka, ya saurare shi ba gaggawa, ya cire masa tsammanin cewa hankalinsa ke da rauni. Ran 9 ga Mayu 1927 ya buɗe majalisar Ostareliya a Kambera da jawabi mai kyau.

Cikin Disamba 1936 wansa Edward ya yi murabus, sarautar da bai nema ba ta faɗo kansa. Ran 3 ga Satumba 1939, da aka shiga yaƙi da Jamus, ya yi wa jama'arsa jawabi ta wayar iska, Logue yana tare da shi, ya riga ya sa masa alama a takarda inda zai numfasa. In'inar ba ta rabu da shi sarai ba har ya rasu ran 6 ga Fabrairu 1952 yana da shekara 56, amma ba ta hana shi aikinsa ba.

Yanzu an gane in'ina ba rashin ƙwaƙwalwa ba ce, ba kuma taɓin iska ba. Galibi gado ce, asalinta daga yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa gaɓoɓin magana, tsoro kuwa ƙara ta yake yi. To, kadan irin yaron nan ya miƙe a ajinmu, kada mu tsawata masa, kada mu ƙarasa masa kalma, kada kuma mu bar 'yan'uwansa su kwaikwaye shi. Mu dube shi, mu jira har ya gama, sa'an nan mu amsa abin da ya faɗa. Shi ba ya da Logue, mu yake da su.