Amina Sarauniyar Zazzau: Ina Tarihi, Ina Almara?

Da wuya a sami ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Shagamu wanda abokan zamansa na Kudu ba su taɓa tambayarsa labarin Sarauniya Amina ba. Sun san mutum-mutuminta da aka kafa a harabar Babban Gidan Wasa na Ƙasa a Iganmu, sun ga zanenta a kan sarkin da aka buga a 1975, ga kuma fim ɗin da aka yi a kanta a 2021. In an yi tambayar kuwa, akan ba da amsar da aka haddace tun a firamare, watau an haife ta a 1533, ta hau gado a 1576, ta rasu a 1610. Alhali kuwa duk cikin shekarun nan uku babu wadda wani mutumin zamaninta ya rubuta.

Labarin da aka fi sani na baka ne. An ce ita 'yar Bakwa Turunku ce, mai sarautar Turunku, garin da kufansa yake kudu da Zariya. An ce tun tana ƙarama ba ta da wurin zama sai fada, tana sauraron shawarar yaƙi, har aka naɗa ta Magajiya tana da shekara 16. Manema suka yi ta zuwa da dukiya, ta ƙi kowa. Da Karama ya ci sarauta sai ta shiga cikin mayaƙansa, ta yi fice, bayan rasuwarsa kuma aka ba ta ƙasa. Ƙanwarta Zariya ita ce aka ce garin ya ci sunanta. Zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau da suka koma Abuja ta dā, wadda ake kira Suleja, sun riƙe dangantakar nan tata da Bakwa, ta kuma shiga littafin tarihin Abuja na Alhaji Hassan Dallatu da Malam Shu'aibu Na'ibi, wanda aka buga da Turanci a 1952.

To, amma rubutu mafi tsufa da ya ambace ta shi ne Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ɗan Shehu ya gama a 1812, kafin ya zama Sarkin Musulmi. A ciki ya nuna cewa ita 'yar Sarkin Zazzau ce, ta yaƙi ƙasashe har Kano da Katsina suka riƙa kai mata haraji, ta nausa kudu da yamma har ta kai ga babban ruwa, ta rasu a wani wuri da ake kira Atagara. Bai faɗi shekara ba. Shi ma abin da ya ji ne ya rubuta, bayan aƙalla shekara 200 da shuɗewarta.

Na biyu shi ne Tarihin Kano, wanda aka haɗa da Larabci wajen ƙarshen ƙarni na 19, Palmer ya juya shi zuwa Turanci a 1908, ya kuma fito da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Wannan littafi ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda aka ƙiyasta ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, ta shekara 34 tana yaƙi, Sarkin Nufe kuma ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, ita ce farkon wadda ta sami irin waɗannan a ƙasar Hausa.

A nan gizo yake saƙa. Jerin sunayen sarakunan Zazzau, wanda ya fara daga Gunguma ya ƙare a kan Makau, sarakuna 60, babu sunan Amina a ciki. Akwai Bakwa Turunku, na 22, wanda lissafin Turawa ya ajiye wajen 1536, har ma masana ba su daidaita a kan ko Bakwa namiji ne ko mace ba. Ke nan in Amina 'yar Bakwa ce, ba ta yi zamani da Dauda ba, gama tsakaninsu ya kai shekara 100. In kuwa ta yi zamani da Dauda, to ba 'yar Bakwa ba ce. Waɗanda suka bi jerin Zazzau sai suka sa ta bayan Karama, a 1576. Daga nan aka ɗauko shekara 34 ɗin nan ta Tarihin Kano aka ɗora, ya ba da 1610. Watau an ari adadi daga littafin, an yi watsi da zamanin da littafin ya faɗa. Shekarar rasuwar da yara suke haddacewa lissafin ɗori ne kawai.

Daɗin daɗawa, lissafin nan yana da cikas. Tsakanin 1582 da 1618 Muhammadu Zaki ne a gadon Kano, abin da Tarihin Kano ya faɗa game da zamaninsa kuwa shi ne Kwararrafa sun zo sun ci ƙasar, har mutanen Kano suka gudu Daura. Da wuya a ce mutanen da suke kai wa Amina haraji su ne a daidai wannan lokaci suke da ƙarfin korar Kanawa daga birninsu. Littafin bai ambaci wata sarauniyar Zazzau a wannan zamani ba.

Zancen goro shi ne ya fi kama hankali, 'yan kasuwar Agege da Shagamu kuma za su fi kowa gane shi. Goro 10,000 ƙwarya 100 ke nan, abin da ɗan goro na yanzu ba zai ɗaga kai a kansa ba. Mai ƙirƙira don kambama sarauniya da ya faɗi abin da ya fi haka nesa. An riƙe adadin ne don a lokacin goro abin sarakuna ne. Ƙasar Nufe kuwa tana da nata goron, na Laboji, wanda ya yi suna tun dā. Har wa yau Tarihin Kano ya ce a zamanin Abdullahi Burja, wanda ya gaji Dauda, aka buɗe hanyar Gwanja, matattarar goro. Maganganun biyu sun dafa wa juna, suna kuma nuna Zazzau a matsayin ƙofar ƙasar Hausa ta kudu, mai riƙe da hanyar bayi da goro. Hanyar da fatake suka yi ta bi zuwa Kurmi tsohuwa ce ƙwarai.

Sai ganuwa. A wurare da yawa in an ga tsohuwar ganuwa da ba a san mai ita ba, sai a ce ta Amina ce, wai duk inda ta ya da zango sai ta kewaye shi. Mai yiwuwa ta gina waɗansu, amma ba ita ta fara ba, gama Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya soma ganuwar Kano tun wajen farkon ƙarni na 12. Masu binciken kufai da suka duba ganuwar Zariya da ta Kufena sun ga ba aikin lokaci ɗaya ba ne, an yi ta ƙari ne zamani bayan zamani.

Amma maganar da ta fi yawo, wai kowane gari ta ci sai ta ɗauki saurayi ta kwana da shi, gari na wayewa ta sa a kashe shi, ba ta cikin littafin Bello, ba ta cikin Tarihin Kano. Irin wannan ƙari ba a kan Amina kaɗai ya faɗa ba. Masu kallon fim ɗin Indiya za su tuna Razia Sultan na 1983, inda Hema Malini ta fito a sarauniyar Delhi mai son bawanta Bahabashe, Yaƙut. Raziya ta yi mulki daga 1236 zuwa 1240, akwai kuɗin da aka buga da sunanta, akwai kuma malamin zamaninta, Minhaju Siraj, wanda ya rubuta tarihinta. Abin da ya nuna shi ne ta ɗaukaka Yaƙut, manyan fada Turkawa suka ji haushi. Zancen zargi da soyayya daga baya ya taso. In an yi wa mai kuɗi da marubuci haka, ina ga Amina, wadda ba ta bar ko ɗaya ba?

Duk da haka ba daidai ba ne a ce ba a yi ta ba, kamar yadda waɗansu masu gaggawa suke faɗa. Sakkwato da Kano ba su da wata riba wajen ƙaga labarin macen Zazzau da ta fi ƙarfin maƙwabtanta, amma ga shi duka biyu sun riƙe sunanta, sun kuma haɗu a kan cewa kudu ta fuskanta. Rashin sunanta a jerin sarakuna ya sa waɗansu masana suke ganin 'yar sarki ce mai jan runduna, ba a naɗa ta sarautar ƙasa ba.

Atagara, inda Bello ya ce ta rasu, da yawa suna ganin tana wajen Idah ne, a ƙasar Igala, bakin kogin Kwara. In haka ne, babban ruwan da aka ce ta kai kogin nan ne, ba teku ba, a can kuma ajali ya riske ta, nesa da Turunku.