Waliyyi Agustin na Hippo

Ɗalibai, a wannan darasi za ku karanta tarihin wani babban malami ɗan Afirka, wanda har yau ake nazarin littattafansa. Sunansa Agustin.

An haife shi a shekarar 354 a garin Tagaste, a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya. A lokacin, Rumawa ne ke mulkin ƙasar. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce mai yawan addu'a. Agustin yaro ne mai kaifin basira, saboda haka aka tura shi karatu birnin Kartaj. Yana da shekara wajen 19 ya karanta wani littafi na Sisero, marubucin Rumawa, wanda ya sa masa ƙishin neman hikima. Ya duba Littafi Mai Tsarki, amma ya raina shi, domin a ganinsa salonsa bai kai na Sisero daɗi ba.

Da ya gama karatu, sai ya zama malamin fasahar magana. Ya koyar a Kartaj da Rum, sannan a shekarar 384 ya sami babban aiki a birnin Milan na Italiya. Ya yi suna, ya sami matsayi, amma hankalinsa bai kwanta ba. Monika ta yi shekaru tana kuka tana yi masa addu'a, har ta bi shi zuwa Milan.

A can ya riƙa zuwa wa'azin Bishop Ambros. Da farko iya maganar bishop ɗin kawai yake sauraro, daga baya ma'anar ta shiga zuciyarsa. Wata rana a shekarar 386, yana cikin lambu, ya ji murya kamar ta yaro tana cewa ya ɗauka ya karanta. Ya buɗe wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, ya ga inda aka yi gargaɗi a bar shaye-shaye da fasikanci. Nan take ya yanke shawarar sake rayuwarsa. An yi masa baftisma a shekarar 387, kuma a shekarar ce Monika ta rasu, bayan ta ga amsar addu'arta.

Agustin ya koma Afirka, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yau. Bayan da abokan gaba suka washe Rum a shekarar 410, wasu sun ɗora laifin a kan Kiristoci. Domin ya ba su amsa, ya rubuta littafinsa Birnin Allah. A ciki ya nuna cewa abin da mutane ke ƙauna shi ne ke raba su gida biyu: masu son kansu da masu ƙaunar Allah. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75.

Ku lura da abin da ya koyar. Bangaskiya tana buɗe hanyar fahimta, fahimta kuma tana ƙarfafa bangaskiya. Wanda ya yi karatun Littafi Mai Tsarki amma bai ƙaru da ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, bai gane abin da ya karanta ba tukuna. Ku ma ku riƙa auna iliminku da halinku ga mutane.

Tambayoyi
1. A ina aka haifi Agustin?
2. Me ya sa ya raina Littafi Mai Tsarki da farko?
3. Wace rawa Monika ta taka a rayuwarsa?