Marigayi Zanna Bukar Dipcharima

An haifi Bukar Dipcharima a ƙasar Barno cikin 1917. Ya yi Midil ta Maiduguri, ya zarce Kwalejin Katsina, ya fito malamin makaranta. Daga baya ya ajiye alli ya kama ciniki, har ya zama manaja a kamfanin John Holt. Sanin kasuwan nan ya yi masa rana, gama da ya shiga Majalisar Wakilai a Ikko aka naɗa shi Ministan Ciniki da Masana'antu.

Cikin Janairu 1966 soja suka ɗauke Firayim Minista. Ministocin NPC suka tsai da Zanna ya riƙe gwamnati, amma ba a rantsar da shi ba, mulki ya koma hannun Janar Ironsi. Ya rasu a haɗarin jirgin sama cikin 1969. Allah ya ji ƙansa, amin.