James Henry Dorugu, Yaron Damagaram Da Ya Ci Abinci Da Hausarsa A Ingila

Wanda ya tsaya a mararrabar Gujungu, cikin Ƙaramar Hukumar Taura, ranar kasuwa, ba zai rasa ganin samari da 'yan jakunkunansu suna jiran mota ba. Waɗansu cin rani za su Kano ko Legas, waɗansu kuwa zuciyarsu tana can bayan hamada, a Libiya ko gaba da nan. A ikkilisiyoyinmu ma mun saba jin uwa ta miƙe tana roƙon a sa ɗanta cikin addu'a domin ya tafi neman aiki wata ƙasa. Shi ya sa a wannan mako muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin wani Bahaushe da ya riga su bin wannan hanya tun shekarar 1855, ya zauna a Ingila wajen shekara tara, ya yi aiki, ya kuma komo. Sunansa Dorugu, kuma duk mai riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa yana da dalilin sanin wannan suna.

An haifi Dorugu wajajen shekarar 1839 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Mahaifinsa manomi ne, makaɗi kuma. Zamanin na hare-hare ne. Yaron bai gama wayo ba mayaƙan Sarkin Damagaram suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta wucewa da shi daga hannu zuwa hannu har Kukawa, babban birnin Borno a zamanin Shehu Umar. Tafiyarsa ta fari ke nan, ba kuwa shi ya zaɓe ta ba.

A Kukawa akwai waɗansu Jamusawa biyu da gwamnatin Ingila ta aiko binciken ƙasa, Adolf Overweg da Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Overweg ya fanshi Dorugu da wani yaro Bamargi mai suna Abbega, ya 'yanta su, suka zama barorinsa. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kashe Overweg a bakin Tafkin Chadi cikin watan Satumba na 1852, sai Barth ya ɗauki yaran biyu. Tare da shi suka bar Kukawa a watan Nuwamba, suka bi ta Damagaram da Katsina da Wurno, inda Sarkin Musulmi Aliyu Babba yake zaune, suka wuce Gwandu, suka haye Kwara a Say, suka shiga Tambutu cikin Satumba 1853. Bayan watanni na zaman ɗar-ɗar a can suka juyo Kano. A ƙarshen 1854 suka kama hanyar Kano zuwa Gumel, wato ta cikin ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991, suka koma Borno.

Daga nan ne babbar tafiyar ta tashi. A watan Mayu 1855 suka fuskanci arewa, suka ratsa hamada ta Bilma da Murzuk a tsakiyar zafi, suka isa Tarabulus a watan Agusta. Jirgin ruwa ya kai su Malta da Marseille, suka bi ta Faris, ran 6 ga Satumba 1855 suka sauka Landan. Dorugu bai wuce shekara 16 ba. Barth ya tafi da su Hamburg wurin danginsa, ya kai su Berlin, aka yi ta kallonsu, su ma suna kallon masu kallonsu.

To, ga inda labarin ya ɗauki wata hanya. Barth ya yi niyyar mayar da yaran gida, har an shirya musu tafiya. Amma akwai wani limamin Kirista, shi ma Bajamushe ne, Rabaran James Frederick Schön na ƙungiyar mishan ta C.M.S., wanda ya daɗe yana neman Bahaushe ido rufe. Schön ya shigo Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya koyi Hausa a Saliyo wurin bayin da aka 'yanta, ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, inda ya zama limamin wani asibitin sojojin ruwa a Chatham, cikin yankin Kent. Yana son fassara Littafi Mai Tsarki, amma ba shi da wanda zai tambaya ko maganar da ya rubuta Hausa ce ko ba Hausa ba. Da ya ji labarin yaran sai ya same su a farkon 1856, ya shawo kansu su zauna. Barth ya ji haushi ƙwarai, yana ganin an sace masa yara, zumuncin mutanen biyu kuma bai gyaru ba. A ganinmu kowannensu da bukatarsa a zuciya, yaran kuwa baƙi ne a ƙasar da ba su da kowa, kuma baƙo ba ya cika samun bakin magana idan manya suna ja-in-ja a kansa. Duk da haka, da wannan gardama ce Dorugu ya sami aikin yi.

Wane irin aiki ne? Ba dako ba ne, ba gadi ba, ba kuma wata sana'a da ya koya a hanya ba. Abin da Ingila ta nema a wurinsa shi ne Hausar da ya tsotsa a Dambanas. Ya zauna a gidan Schön, shi yana magana, Schön yana rubutawa da haruffan boko. Ya ba da tatsuniyoyi da labarai, ya ba da tarihin kansa tun daga kamu har isowarsa Turai, ya kuma zama ma'aunin da ake gwada kowace jimla da shi. Ana cikin haka ya koyi Turanci da karatu da rubutu. A 1857 aka yi musu baftisma, shi ya zama James Henry Dorugu, abokinsa kuma Frederick Buxton Abbega. A shekarar nan Abbega ya komo bakin Kwara, daga baya har ya zama sarkin Lokoja. Dorugu ya rage shi kaɗai, ba mai amsa masa Hausa sai wani dattijon Bajamushe da yake koyonta a bakinsa.

Mu duba abin da ya fito daga wannan zama. Bishara ta hannun Matiyu ta fito da Hausa a 1857, Littafin Farawa a 1858, Fitowa a 1859. Nahawun Hausa na Schön ya fito a 1862. Bayan Dorugu ya bar Ingila ma aikin bai yanke ba, gama a kan abin da aka tara a waɗannan shekaru aka gina ƙamus na 1876, da Sabon Alkawari na 1880, da littafin Magana Hausa na 1885, wanda a cikinsa ne tarihin Dorugu yake. Schön ya sami lambar yabo a Faransa a 1877, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Ba mu ƙi masa ko ɗaya ba, don ya yi wahala, bai kuma ɓoye sunan yaron ba. Sai dai a bangon littattafan sunan Schön ne, kuma wannan tsohon hali ne na aikin baƙunci: mai gida ke karɓar yabo.

Gaskiya kuma ita ce fassarar nan ta fari ba ta kai ba. An raba Dorugu da ƙasar Hausa yana ƙaramin yaro, karin harshensa na Damagaram ne, kunnen Schön kuwa bai rarrabe waɗansu sautukanmu ba, irin su ɓ da ɗ da ƙ. Bakano da zai karanta waɗannan littattafai yau zai yi ta tuntuɓe. Sai a 1932 aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa. Amma su ma ba daga fili suka fara ba, sun tarar an riga an yi sharar gona.

Tarihin da ya faɗa da bakinsa ya fi fassarar daɗewa da rai. A ciki muna ganin Bahaushe yana kallon Turai da idonsa, yana lura da sanyinsu, da tufafin matansu, da irin dogon tsarin da suke bi kafin su ci abinci a tebur, yana faɗin abin da ya ba shi mamaki da abin da ya ba shi dariya. Turawa da yawa sun rubuta yadda suka gan mu a ƙarni na 19. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinmu suka bar labarin yadda suka gan su, da harshenmu kuma. A 1971 masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka juya shi zuwa Turanci, Jami'ar Yale ta buga.

A 1864 Dorugu ya bar Ingila ya komo ta bakin teku, ya hau Kwara zuwa Lokoja. Bai koma noma a Dambanas ba. Mutum ne mai Hausa da Turanci a lokacin da masu su biyun ba su da yawa, saboda haka tafinta ya zama, ya yi shekaru masu yawa yana tsayawa tsakanin Turawa da mutanen ƙasa, tun zamanin 'yan mishan da 'yan ciniki har zuwa kafuwar mulkin Ingila a Arewa. Wanda ya yi wannan aiki ya san nauyinsa: Bature na ganinka bara, naka na ganinka ɗan Bature.

Da tsufa ya zo, sai ga shi a Kano. Hans Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nassarawa a 1909, Dorugu kuma yana cikin waɗanda suka koyar a wurin. Abin sha'awa, Ɗan Hausa da kansa ya ratsa hamada daga Tarabulus zuwa Borno a 1906, wato hanyar da tsohon malamin nasa ya bi yana saurayi shekara 51 kafin nan, sai dai shi kudu ya fuskanta. Gidan Ɗan Hausa yana nan a Kano, wanda ya je gari yana iya leƙawa.

A nan Nassarawa Dorugu ya rasu a 1912, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Uwargidan Ɗan Hausa, Isabelle Vischer, ta rubuta labarin rasuwarsa a littafinta na tunawa da zaman Arewa. Da aka buɗe kayansa, aka tarar ya adana tufafin Turawa da tabarau masu yawa, waɗanda ya yi ta tarawa cikin shekarun aikinsa.