Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Kafuwar Garin Wurno

An haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a shekarar 1781. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi, ya kuma kasance cikin manyan jagororin rundunar jihadi. Shi ne ya gina birnin Sakkwato a shekarar 1809, aka kuma yi masa mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817.

Babban abin da ya sa a gaba shi ne tsaron iyakokin daula, domin hare-haren Gobirawa da Azbinawa ba su yanke ba. Saboda haka ya kafa garuruwan ribaɗi, wato sansanonin tsaro masu ganuwa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Wurno, a bakin gulbin Rima, arewa maso gabas da Sakkwato. A ganinsa mayaƙa kaɗai ba sa riƙe gari, sai da abinci da ilimi. Don haka ya jawo hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su rungumi noma, su sa 'ya'yansu karatu. Shi da kansa ya koma Wurno da zama, yana tafiyar da mulki daga can.

Allah ya yi masa rasuwa a Wurno a shekarar 1837, inda hubbarensa yake har yau, jama'a na zuwa ziyara. Ya bar littattafai masu yawa, ciki har da Infaƙul Maisuri. Wurno kuwa yanzu hedikwatar ƙaramar hukuma ce, kuma fadamarta ta yi suna wajen noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.