Jean-Michel Basquiat (1960–1988)

An haifi Jean-Michel Basquiat a unguwar Brooklyn ta birnin New York a Amurka, ranar 22 ga Disamba, 1960. Mahaifinsa mutumin Haiti ne, mahaifiyarsa kuwa tsatson Puerto Rico ce. Yana ɗan shekara 7 mota ta kaɗe shi. Yana cikin jinya mahaifiyarsa ta kawo masa littafin Gray's Anatomy, mai bayanin sassan jikin ɗan'adam. Daga baya ƙasusuwa da ƙoƙon kai suka mamaye zane-zanensa.

Bai kammala sakandare ba. Shi da abokinsa Al Diaz suka riƙa rubuta gajerun jimlolin habaici a bangayen Manhattan, suna sa hannu da laƙabin SAMO. Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne, da kalma ya fara, bai kuma rabu da ita ba. Yakan rubuta kalma a kan zane ya soke ta, sokewar ce kuwa ke jawo ido gare ta.

A 1981 aka baje ayyukansa shi kaɗai a Modena ta Italiya. A 1982, yana ɗan shekara 21, ya shiga baje kolin Documenta a Kassel ta Jamus. Kuɗi suka samu, amma hankali bai kwanta ba. Masu sharhi sun kushe baje kolin haɗin gwiwarsa da Andy Warhol a 1985, rasuwar Warhol a 1987 kuma ta girgiza shi ƙwarai. Miyagun ƙwayoyi suka yi ajalinsa ranar 12 ga Agusta, 1988, yana da shekara 27.

A 2017 an sayar da wani zanensa na 1982 a kan dala miliyan 110.5.